Kalmar da Ta Rage wa Milutin

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, karatun na wasu kawai na iya. Sau uku ina yaga shafin farko. Abin ya faru ne a garejin kakana Milutin, kuma labarin na gwaggona Stanka ne. Ni dai ranar ina zaune a wani lungu na garejin da littafina, ina kallo.

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama tsoho Milutin, kalma ɗaya ta rage a bakinsa: "Ƙasa." Shekara arba'in yana gyaran jikin mota a bayan garin Valjevo, har ciwon ya same shi yana tsakiyar farfaɗo da wata 'yar tsohuwar mota shuɗiya mai inji a baya. 'Yarsa Stanka, wadda ta ƙware a inji amma ba ta taɓa rataya ƙofa ba, ta ɗauki aikin. Kullum sai ta turo kekensa gareji. Ya dubi motar a ɗage kan ƙarafuna huɗu, tayoyinta a sama, ya ce, "Ƙasa."

Ƙanenta Obrad ya fassara kalmar yadda ya ga dama. Ya ce kabari tsohon yake kira, hankali ya tafi, gara a kai shi gidan kula da tsofaffi a birni. Stanka ba ta yarda ba, amma ba ta da hujja. Ranar Lahadi ya zo da takardar da za su sa wa hannu.

Ta roƙe shi ya fara ganin motar. Sati uku tana kwance noti tana ɗaurewa, tana auna ratar da ke tsakanin ƙofa da jiki da tsohon kwabon dinari biyar da mahaifinsu yake awo da shi. Kwabon ya bi ratar daga sama har ƙasa, bai maƙale ba, bai yi lilo ba. Ta sa rai tsohon zai yi murmushi a gaban Obrad. Sai ya buga hannun kekensa, ya ce, "Ƙasa."

"Kin ji ko, Yaya?" in ji Obrad. "Ko da zinari kika auna, amsar ke nan."

Haushi ya kama ta. Ta ce to bari ta fitar da motar tsakar gida, wataƙila duhun gareji ne ya hana shi gani. Ta sa jak, ta zare ƙarafunan ɗaya bayan ɗaya, motar ta zauna kan tayoyinta da 'yar ƙara. Ta kama ƙofar direba za ta saki birki. Ƙofar ta ƙi buɗuwa sai da ta fizga.

Ta tsaya. Ta ɗauko kwabon ta sa a ratar. A sama ya ƙi shiga, a ƙasa kuwa har da wurin na biyu. Jikin motar ya ɗan lanƙwasa da ya ɗauki nauyin kansa, aikin sati uku ya karkace.

Ta juya a hankali. Rabin fuskar Milutin yana dariya, har kafaɗarsa tana rawa.

"Baba," ta ce, "a ƙasa ake auna ta?"

Ya lumshe ido ya buɗe. Sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna bayan motar, inda ramin inji yake fanko, ya nuna injin da ke kan benci, ya nuna Obrad. Stanka ce ta fara ganewa: injin bai shiga ba, kuma sai da nauyinsa ratar za ta faɗi gaskiya.

"Hau ka zauna a baya," ta ce wa ƙanenta.

"Ni? Da rigar coci?"

"Shekara nawa kana tara wannan tumbin ba mu san amfaninsa ba? Hau."

Ya hau yana gunaguni, ya ce shi da ya zo a sa hannu an mai da shi buhun dankali. Motar ta ƙara nutsewa. Stanka ta sassauta notukan ƙofar, tana ɗagawa kaɗan tana duban mahaifinta. Ya girgiza kai. Ta ƙara. Ya girgiza. A karo na biyar ya ɗaga yatsa, ta ɗaure. Ta tura ƙofar da ɗan yatsa, ta rufu da sauti mai taushi.

Obrad ya daɗe yana kallon tsohon. Ya tambaye shi, a ƙasa-ƙasa, ko tun watan jiya abin da yake faɗa ke nan. Milutin ya yi masa irin kallon da yake yi wa mai riƙe guduma a karkace. Obrad ya ninke takardar ya cusa a aljihun baya, ya ce ba zai iya sa hannu yana zaune a ramin inji ba, a bar maganar tukuna. Stanka ta ce saura ƙofa ɗaya da bonet, kada ya motsa.

Suna cikin musun wanda zai dafa kofi na rufe littafina, na bi ta bayan tarin tayoyi na fice, ba wanda ya waiwayo.