Ranar da Na Zaunar da Hudu

Ni Fanta, kowa a Shamaki ya san ni da iyayi. In biki ake ni ce mai cewa a matsar da tukunya, in rasuwa ce ni ke nuna inda za a shimfiɗa tabarma. To iyayin nan ne ya kai ni ya baro.

Ƙanena Hudu mai haɗa wutar lantarki ne. Ya faɗo daga tsani a wani sabon gini a Tumfure, bayansa ya daki bulo. A asibiti aka ce ƙashin baya ya tsage ya danne laka, za a yi masa aiki nan da kwana uku. Likita Hilda da bakinta ta ja min kunne: kada a ɗaga shi, kada a zaunar da shi, ko juyi ne sai ma'aikata sun zo. A lokacin yana motsa babban yatsan ƙafarsa ta dama, har yana min tsiya wai in matso ya shure ni.

Rana ta biyu da hantsi sai ga Bappa Inuwa, wan mahaifinmu, tun daga Dukku. Mutumin da ko marigayi babanmu bai taɓa miƙe ƙafa a gabansa ba! Na hango shi a bakin ƙofa, na waiwayo na ga Hudu shame-shame a gado, sai kunya ta kama ni. Wai kunya, jama'a. Na sa hannu a hammatarsa na jawo shi, na cusa masa filo biyu, har hula na ɗora masa. Aka gaisa, Bappa ya yi addu'a, duka-duka bai kai minti goma ba. Yana fita na mayar da Hudu kwance, na ja bakina na yi gum.

Washegari yatsan ya yi nauyi. Aka yi aikin lafiya, amma yatsan bai sake motsi ba.

Da abin ya ishe ni na tare likitar a baranda na faɗa mata komai. Da ma ta zage ni na huta. Sai ta zaunar da ni ta ce laka cike take da zaruruwan jijiya, kowanne da rufinsa na kitse, kamar robar jikin waya. Akwai ƙananan ƙwayoyin halitta da aikinsu ke nan, naɗa rufin. In zare ya ji rauni, ƙwayoyin sukan bi shi su mutu a hankali, kwanaki ko makonni, har zaruruwan kusa da ba su tsinke ba su rasa rufi, saƙo ya kasa wucewa.

Na ce, "Ke nan ba ni ba ce?"

Ta ce, "Yana faruwa ko ba a taɓa mutum ba, Hajiya. Zaman kuma yana iya ƙarawa. Ba zan ce ke ce ba, ba zan ce ba ke ba ce."

Yau wata bakwai Hudu na kan keken guragu a gidan Dada, mahaifiyarmu. Ni ke kai shi gashin ƙashi a asibiti duk Talata. Dada ta ce ni uwa ce ba yaya ba, maƙwabta sai sa min albarka suke. Duk albarkar da aka sa min ji nake kamar an watsa min barkono.

Jiya muna dawowa na tsayar da keken a bakin zaure. A zatona bai san na zaunar da shi ba, don ranar da Bappa ya zo magani ya bugar da shi. Na durƙusa a gabansa na zayyana masa abin da na yi, ina kuka har da majina.

Ya ce, "Adda, ai ban manta ba. Na ce miki bayana, bayana, kika ce in daure, Bappa na kallo."

Wallahi tallahi ni na manta ya faɗi haka. Sai da ya faɗa na ji muryar a kunnena.

Na ce, "Shi ne ba ka gaya wa Dada ba?"

Ya dubi cikin gida, inda Dada ke tankaɗe.

"Kukan mutum ɗaya ya ishe ta. Share fuskarki mu shiga."