Wankan Angona a Ƙarƙashin Jirgin Sallau

Daren jiya ina ɗora kaina a filo, sai ga ni cikin wani mafarki. Amma bari in fara gaya muku abin da na kwanta da shi a rai.

Jikata Lantana ta haifi namiji, jiya aka dawo da su daga asibiti. Duk yaron da aka haifa a gidan nan ni nake yi masa wanka har a yi arba'in. To bana hannuna ya soma rawa. In na ɗauki kofi, rabin shayin a zanena yake ƙarewa. Da la'asar na ji ana ƙus-ƙus a bakin murhu, wai gara a kira Kande ta maƙwabta, kada yaro ya suɓuce mini. Na fita ƙofar gida, na tarar da autana Sallau, mutum da gemunsa, yana wasa da ɗan jirginsa mai fanka huɗu, wanda yake ɗaura wa kyamara ƙarama kamar kwalin ashana. Jirgin yana ta kyarma a sama kamar mai zazzaɓi, amma hoton da ke fitowa a wayarsa kwance yake kamar ruwan randa. Na tambaye shi yadda aka yi haka, ya zuba mini Turancin da ban riƙe ko ɗaya ba.

To, a mafarkin na tsinci kaina a wani gari da ruwan sama daga ƙasa yake tasowa. Kowa ya taka lemarsa yana tafiya, mata kuma sun rataye randuna a kife a jikin bishiya suna tarar ruwa. Ban yi mamaki ba, na dai ƙara ɗaure zanena.

Sai ga ni a ofishin masu rawar jiki. Janareta a gabana, injin niƙa a bayana, can ƙarshen layi wani tsohon babur yana tari. Shugaban ofishin bunsuru ne mai tabarau, yana cin labulen taga a hankali. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi mutanen gida. Na ce so nake a cire mini rawar hannu kafin gari ya waye. Ya ce su a nan ba sa cire ta, aiki suke nema mata. Wai bara sun cire wa wani janareta, unguwa ta kwana cikin duhu.

"Iya, akwai gurbi a ƙarƙashin jirgi," in ji shi. "Kina tsoron sama?"

"Ban taɓa zuwa ba."

"To ba ki da abokin faɗa a can."

Kafin in amsa, an goya ni a jikin jirgin Sallau ta ƙasa, an tamke da majanyi. Fankokin nan huɗu ashe 'yan ɗaki ɗaya ne, suna ta gardamar wanda ya fi gajiya. Kusa da ni kyamarar ce zaune da ɗankwalinta, tsohuwa ce sa'ata, mai ido ɗaya. Muka gaisa haƙoranmu suna haɗuwa saboda girgiza.

Can ƙasa na hango tsakar gidanmu. An sirka ruwa a baho, an saka yaro, Kande tana naɗe hannun riga. Da yake ruwan garin sama yake yi, sai ya tashi da yaron gaba ɗaya, baho ya rage wayam. Yaron ya taso yana lilo cikin dunƙulen ruwan ɗumi, ya wuce kan mangwaro. Lantana ta ɗaga kai ta ce mini ga shi nan zuwa, kamar wadda ta aiko da cefane.

Na miƙa hannu, hannu ya ƙi tsayawa. Ina ganin yaro, ina ganin Kande, ina ganin rufin maƙwabta cike da 'yan kallo, har bunsurun ya fito da kujerarsa. Komai rawa yake yi a idona. Yaron kuwa sai ƙara sama yake, in ya wuce mu babu mai tare shi. Na roƙi kyamarar ta karɓe shi. Ta ce ita ba ta da hannu.

"To ke yaya kike yi hotonki ba ya motsi?"

"Wa ya ce miki ba na motsi? Na fi ki kyarma, 'yar uwa. Gefe da gefe nake datsewa in zubar, in riƙe abin da ke tsakiya. Kuma ina sanin inda zan jingina."

Tana rufe baki sai ga wani ƙadangare tela da almakashi, ya soma datse gefen sama kamar bakin yadi. Rufin maƙwabta ya fara faɗuwa, da mutanen kansa, suna ci gaba da hirarsu. Bunsuru ya bi su yana cewa lokacin tashi daga aiki ya yi dama. Kande ta sauka a hankali, har yanzu tana naɗe hannun riga. Aka bar ni daga ni sai yaro.

Ni fa duk tsawon rayuwata a hannu ɗaya nake tallafe jariri a kan baho, har ina taƙama da haka. Amma matan ƙauyenmu ba haka suke yi ba, a kan ƙwauri suke kwantar da shi. Sai na tattare zanena zuwa gwiwa, na miƙe ƙafafuna a iska, na haɗa su. Yaron ya zo ya kwanta a kan ƙwaurina kamar dama can wurinsa ne. Ashe ƙafafuna ba sa rawa. Ban taɓa lura ba.

Na ce masa sannu da zuwa, angona. Na ɗauki soso da sabulun salo. Hannun nan yana ta rawarsa, kumfa kuwa ta tashi nan da nan, ban ma wahala ba. Na wanke bayan kunne, na bi lungun wuya, na ɗaga hammata. Kyamarar ta ce in daina satar kallonta, ita tana ɗauka, ni in yi aikina. Fankoki suka rage murya don kada su tashe shi, gama ya fara lumshe ido.

Can ya buɗe ido ɗaya, ya dube ni, ya yi magana da muryar magidanci.

"Uwargida, ruwan ya ɗan huce. A ƙaro."

Na buɗe baki ke nan zan kira a kawo na zafi, sai na ji kaf, kaf, kaf. Faskaren itace ake yi a tsakar gida, za a ɗora tukunyar ruwan wanka. Gari ya waye, hannuna yana rawarsa a kan bargo. Na sauko da ƙafafuna ƙasa, na leƙa ta taga, na ce wa Lantana ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina ta kawo baho da yaron. In Kande ta iso, na ce, ta zo ta riƙe mini buta.