Gurbin Yatsan Mama

Malachy Hehir na cikin goge wani tsohon zugazugi sai wansa Fintan ya banko ƙofar shagon, ruwan sama na ɗiga daga hularsa, ya dangwarar da akwati a kan tebur.

"Maɓallai biyu sun maƙale, ɗaya ya karye. Yau da yamma nake so."

"Ba ko gaisuwa?"

"Gaisuwa ce za ta gyara? Da akwai wani mai gyaran a Kilrush, da ko ƙeyata ba za ka gani ba."

Ko bai buɗe ba, Malachy ya san abin da ke ciki. Konsatinar Mama ce, 'yar abar kiɗan nan mai zugazugi da maɓallai. A nan yankin Clare, uwa 'yarta take bar wa konsatina, wannan ko jariri ya sani. Ta Dympna ce, autarsu. Amma ranar jana'iza, ana can ana shayi da kuka, Fintan ya cusa ta cikin kwat ya sulale. Tun daga nan yake yawo da ita mashaya-mashaya yana shan tafi. Dympna ta haƙura. Malachy ne abin ya tsaya wa a wuya kamar ƙayar kifi, shekara da shekaru.

"Taron tuna Mama ne a mashayar Mescall, in an fito coci," in ji Fintan. "Ka zo in ka ga dama."

"Zan zo, Yaya. Ni da kaina zan kawo maka ita."

Da ya fita, Malachy ya kwance sukurori ya ɗaga murfin gefe. Ya zare maɓallan da suka maƙale, ya kankare tsatsa, ya canja ulun da ke cikin ramukansu. Wanda ya karye ya ƙera masa sabon kai, ya kama shi da dalma. Ya yi aikin tsaf, don ba da konsatina yake faɗa ba.

Sai ya zo kan maɓallin Mama. Yatsanta ya cinye ƙarfen har ya yi ɗan gurbi kamar cikin cokali. Da shi ta koya musu duka: ɗora manuni a gurbin, sauran yatsu su nemi gidajensu. Maɓallan konsatina a gefe suke, ba a ganinsu, lalube ake yi. Fintan kuwa har ya yi furfura, in ka ɗauke masa gurbin nan, makaho ne.

Malachy ya zare shi, ya musanya shi da na kusa, ya ɗaure. Ya ja zugazugin, sauti garau. Ba abin da ya lalace. Sai dai duk wanda ya tashi daga gurbin, a karkace zai tashi, a gaban fadan coci, a gaban dangi, a gaban garin nan kaf.

"Yau za ka sha tafi, ɓarawo," ya ce, yana rufe akwatin.

Da gangan ya makara, don kada a sami damar gwadawa. Ya tarar mashayar ta cika maƙil. Ya miƙa akwatin, ya sayi baƙar giya, ya zaɓi kujerar da zai ga fuskar Fintan sosai.

Fintan ya miƙe ya yi gyaran murya.

"Jama'a, wannan aba ba tawa ba ce. Duk kun sani, kara kuka yi mini. Dympna, karɓi kayanki. Na sa an gyara miki ita."

Wuri ya kaure da tafi. Giyar ta sarƙe Malachy.

"Haba Yaya," in ji Dympna, tana share ido, "rabona da ita tun Mama na da rai."

"Yatsa ba ya manta gida! Ba mu ɗaya, 'yar Mama!" wata tsohuwa ta ce daga baya.

Malachy ya yunƙura. To ya ce me? Kuma a gaban wa? Ya koma ya zauna.

Dympna ta zura hannaye a maɗauri, ta rufe ido, tana lalube. Da yatsanta ya faɗa gurbin sai ta yi murmushi. Ta ja.

Abin da ya fito, ko jaki ba zai amsa sunansa ba. Wani ya yi tari. Ta sake ɗaukowa daga farko, fuskarta ta yi ja, ya sake fitowa a karkace.

"Ba komai, ƙanwata, an daɗe ba a haɗu ba," in ji Fintan, yana dafa kafaɗarta.

Dympna ta shafa gurbin, ta shafa na kusa da shi, a hankali. Sannan ta buɗe ido. Ba Fintan ta kalla ba.