Tikitin Baba

Auta ce ta rubuta allon da hannunta. Duk cikin ma'aikatan lambun gwamnati babu mai kyan rubutunta, don haka da takarda ta iso daga hedikwata cewa daga farkon wata za a raba kuɗin shiga gida biyu, ita Manaja ya miƙa wa gwangwanin fenti da buroshi. Layin sama na 'yan ƙasa ne, kuɗin bai wuce na shiga motar haya ba. Layin ƙasa na baƙi, ya ninka wancan sau goma. Har jan layi ta ja masa don ya fito raɗau.

Ba dole aka yi mata ba. A taron ma'aikata ma ta fi kowa ɗaga murya wajen goyon baya. Shekararta tara a tagar sayar da tikiti, ta san irin baƙin da take nufi: masu rataye da manyan kyamarori, su miƙo kuɗi su ce a riƙe canji. Ga rufin ɗakin rainon tsirrai yana yoyo, famfon tsakiyar lambu ya shekara biyu bai tsarto ruwa ba, albashi kuwa sai ya ga dama yake zuwa. Ta ce a bar masu shi su taimaka, aka tafa mata.

Da yamma ta ba mahaifinta labari yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana wasa wuƙar auren bishiya a kan dutse. Ya gyaɗa kai ya ce daidai ne, su ai ko a jikinsu, kuma in kuɗin ya shigo a fara da rufin nan kafin damina. Daga ita har shi babu wanda tunaninsa ya je wani wuri.

Baba yana da shekara sha tara ya tsallako iyaka a bayan motar kaya, da niyyar aikin rani guda ya koma. Lokacin lambun fili ne da ake zubar da shara. Da shi aka kwashe sharar, da shi aka haƙa ramukan farko, kuma yawancin bishiyoyin da yanzu mutum biyu ba sa iya rungumewa shi ya ɗauko su a hannu suna 'yan tsirrai. Ma'aikata suna ce masa Likita, don in bishiya ta fara zubar da ganye ba lokacinta ba, zagaya ta yake ya ɓantari ɓawo ya shinshina, ya faɗi abin da ke damunta. Shekara talatin da takwas ya yi yana wannan aiki a matsayin leburan wucin gadi, saboda doka ba ta yarda a tabbatar da wanda ba ɗan ƙasa ba. Ya auri 'yar ƙasa, 'ya'yansa suka bi takardun uwarsu. Shi ma sau uku yana neman nasa. Na farko fayil ya ɓace, na biyu ofishin ya tashi, na uku aka ce ya kawo takardar haihuwa daga ƙauyen da babu mai rubuta haihuwa. Ya yi dariya ya bar zancen, yana dai sabunta katin zama in lokaci ya yi.

Da gwiwoyi suka ƙi, ya ajiye aiki, amma bai ajiye lambu ba. Bayan rasuwar matarsa ma sai abin ya ƙaru. Kullum da safe zai zo, ya tsaya a ƙofa su taɓa tsiya da Sajan, tsohon sojan da ke gadi. Sajan ya ce ga tsohon da ya auri bishiyoyi ya zo gaida matansa, Baba ya ce gara shi, wani ƙofa ya aura kuma ko buɗe masa baki ba ta yi. Sai ya wuce ciki, babu mai tambayarsa komai.

Ranar ɗaya ga wata aka wayi gari da sabuwar ƙofar ƙarfe mai juyawa, wadda ba ta motsi sai an nuna mata tikiti. Tikitin kuma ba ya fita sai an ɗora katin mutum a kan na'ura. Hedikwata ta turo wani sufeto ya tsaya bayan kujerar Auta yana duba yadda abin ke tafiya. Layi ya yi tsawo, tana ta fama, sai da ta ɗago kai ta ga Baba a gaban taga, ya yi sabon aski, yana murmushi. Sajan ne ya ce masa yau kowa sai ya bi layi, shi kuma ya bi don ya ga 'yarsa da sabuwar na'ura.

Ta juya ta ce wa sufeton tsohon ma'aikaci ne. Sufeton ya ce to madalla, tsofaffin ma'aikata kyauta suke shiga, ya kawo katin fansho. Baba ba shi da katin fansho. Ya laluba aljihu ya ciro wanda yake da shi, ya tura ta ƙarƙashin gilashi. Ta ɗora a na'ura, hannunta ya riga tunaninta. Na'urar ta yi ƙara, ta nuna kuɗin layin ƙasa.

"Nawa ne, Auta?"

Ta kasa kallonsa. Na baya sun fara ƙorafi, sufeton ya sunkuyo yana duba allon na'urar.

"Baba," ta ce a hankali, "naka na baƙi ne."

Bai yi fushi ba. Da ya yi, da ta samu abin riƙewa. Ya dai maimaita, "Na baƙi," kamar mai ɗanɗana magani. Ta jawo jakarta da sauri za ta biya, ya ɗaga mata hannu ya ce ta bari, ta sallami mutane, aiki take yi. Ya ɗauki katinsa, ya goge shi a riga, ya mayar aljihu. Sajan ya bi shi yana kiran Likita, Likita, bai waiwayo ba.

A daren ba a yi zancen ba. Ya ci abincinsa, ya yi wasa da jikoki, ya tambayi maigidanta labarin aiki. Da ta tsugunna gabansa ta fara ba da haƙuri, ya ce me ta yi? Abin da ke rubuce a kati ta karanta, kuma ba ita ta rubuta katin ba. Ita kuwa ta san wanda ya rubuta allon.

Ta shiga ta fita. Manaja ya karɓe ta hannu biyu, ya ce shi kansa Baba Likita ne ya koya masa sunayen rabin bishiyoyin nan, amma na'urar kai tsaye take aika komai hedikwata, ba shi da ikon taɓa ta. Ya ce ta rubuta takarda, zai sa hannu. Ta rubuta, ta haɗa da tsofaffin hotunan Baba yana dashe, aka aika. Bayan sati shida amsa ta zo, layi uku: an yaba da hidimarsa, amma tsarin bai tanadi irin wannan ba. Manaja ya ce shi zai riƙa saya masa tikiti daga aljihunsa sau ɗaya a sati. Sajan ya zo har gida ya ce akwai ƙofar baya ta motar taki, mabuɗin yana hannunsa, kuma ba a haifi sufeton da zai tambaye shi ba. Yayan Auta, wanda ke aiki a wani gari, ya bugo waya ya ce a daina wahala, zai riƙa turo kuɗin tikitin wata-wata.

Baba ya yi wa kowa godiya, ya ƙi duka. Ga Sajan kaɗai ya buɗe cikinsa, Auta tana jin su daga madafa.

"Ni da na dasa su, in shiga wurinsu ta ƙofar taki kamar ɓarawo? Ko in shiga da tikitin ɗan yawon buɗe ido? Bari kawai, Sajan."

Sai ya koma zagaya lambun ta waje. Katangar dogayen sandunan ƙarfe ce, ana hango ciki. Daga tagarta Auta tana ganinsa yana tafe a hankali ta gefen titi, sanda a hannu, motoci suna wuce shi, ya tsaya ya ɗaga kai yana duban rassan da suka tsallako. Da yamma ya ba ta saƙo: ta gaya wa masu ban ruwa sun cika wa bishiyar kusa da tafki ruwa, saiwarta za ta ruɓe, reshen da ke kan bencin yara ya bushe, a sare shi kafin ya faɗo wa wani. Tana kai saƙon, wani a yi, wani a ce to. Rannan ya ga wani sabon lebura yana datsa wata bishiya ba daidai ba, ya ɗaga murya ta tsakanin sanduna yana gyara masa. Saurayin bai san shi ba, ya ce tsoho ya wuce ya ba mutane wuri. Daga ranar ya daina zagayen.

Ya zauna a gida, ya rame, ya rage magana. Wata safiya ya kira ta ya ce yana so ya je ya ga ƙauyensu. Ta ce wa ya rage masa a can? Ya ce ɗan ƙaninsa yana nan, kuma yana so kafin ya mutu ya taka wurin da ba za a tambaye shi kati ba. Ta yi kuka, yayanta ya zo takanas ya yi ta lallashi, maigidanta ya ce a bari ko bayan damina. Baba ya ce wata ɗaya kawai zai yi. A tasha ya ba ta wuƙarsa ya ce ta ajiye masa, kada a karɓe a iyaka. Ya shiga mota ya zauna ta taga, yana yi wa jikoki gwalo har motar ta tashi.

Sati na farko yana bugo waya kullum. Ya ce ƙauyen ya zama gari, gidansu an yi shagon sayar da taya a wurin. Ya ce yara suna dariyar yadda yake magana, wai harshensa ya karye, a kasuwa kuma da ya buɗe baki sai a ƙara masa kuɗin kaya. Yana faɗa yana dariya, ita tana jin yadda dariyar take ƙarewa da tari. Ta ce ya dawo. Ya ce sai ya ɗan ji ƙarfin zaman mota. Wata ɗaya ya zama biyu, wayar ta koma sati-sati, kuma in ta kira yawanci ɗan ƙanin nasa ne ke ɗauka ya ce yana barci.

Tana bakin aiki aka bugo cewa Baba ya rasu. Ta rufe taga da mutane a layi, ta fita ba ta ko ɗauki jaka ba. Kafin ta samu takardar tsallake iyaka ta isa, an kwana uku da binne shi. Ɗan ƙanin, mutumin kirki mai yawan sunkuyar da kai, ya kai ta maƙabarta a bayan gari, fili fetal, rana tana dukan ƙasa. Sai da ya ɗan yi kame-kame tsakanin sababbin kaburbura biyu kafin ya nuna mata ɗaya. Ya ce mutane ba su taru sosai ba, don ba a san shi ba. Ya ce a kwanakin ƙarshe tsohon yana ta kiran wasu sunaye da ba su gane ba, sun ɗauka 'ya'yansa ne. Ya faɗi biyu da ya riƙe. Auta ta durƙusa a wurin. Sunayen bishiyoyi ne.

Da ta dawo ta nemi a ɗauke ta daga taga a mayar da ita ko shara ce. Manaja ya ce ya fahimta, amma babu wanda ya iya na'urar kamarta, ta yi haƙuri zuwa sabuwar shekara. Tana da 'ya'ya uku, ta koma kujerarta. Sajan ya daina tsokanar kowa. An gyara rufin ɗakin rainon tsirrai, famfon tsakiyar lambu ya dawo yana tsarto ruwa, mutane suna tsayawa ɗaukar hoto a gabansa.

Wata ranar hutu wata tsohuwa ta zo da jikoki biyu mata, sun sha kitso da sababbin takalma. Katunan yaran suka wuce a layin sama. Na tsohuwar na'ura ta yi masa ƙara. Auta ta juya allon na'urar ta nuna mata. Tsohuwar ta duba, ta ce ai ta sani, an gaya mata tun a gida, dama rakiya ta yi. Ta gyara wa ƙaramar wuyan riga, ta ce wa babbar ta riƙe hannun ƙanwarta, su kalli komai da kyau su zo su ba ta labari. Ta koma kan dakalin siminti da ke waje ta zauna, jaka a cinya.

Da lokacin hutun rana ya yi, Auta ta sauke labulen taga, ta ɗauki gorar ruwanta ta fita ta zauna kusa da ita. Tsohuwar ta sha, ta yi godiya, ta tambaye ta ko gaskiya ne akwai tafki a ciki mai jajayen kifaye. Auta ta ce akwai. Ta ce da me kuma? Auta ta fara lissafa mata tun daga bakin ƙofa, hanya bayan hanya, abin da ke dama da abin da ke hagu. Ba ta kai tafkin ba muryarta ta sarƙe. Tsohuwar ba ta tambaye ta dalili ba, ta dai ɗora hannu a bayanta, suka zauna haka har yaran suka fito.