Farin Ƙyallen Nasrullahi

An ce kishi kumallon mata ne. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama cikin malaman jami'a ba.

Dakta Rufa'i ya daɗe yana koyar da tarihin addinai a Mubi, kuma ɗalibai ba su taɓa yi masa tafi ba. Abin bai dame shi ba sai da Dakta Vandi ya dawo daga Indiya, inda ya yi shekaru yana karatu a wurin malaman Tibet, ya buɗe kwas a kan harshensu da adabinsu da addinin Buda. Da Rufa'i ya ji labari dariya ya yi. Wa zai koyi harshen mutanen ƙanƙara a garin da ake kwana a tsakar gida saboda zafi?

Ajin ya cika. Abin haushi, bango ɗaya ne ya raba su, kuma Rufa'i ba ya kai ƙarshen jimla sai ya ji tafi, tas! Ya ci gaba, tas! Me mutumin nan yake faɗa haka da ake yaba masa? Zuciyarsa ta yi ta tafarfasa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci masa rai shi ne Nasrullahi, ɗalibin da ya raina tun aji ɗaya, yana ara masa littattafai, yana rage masa hanya a motarsa zuwa unguwar Lokuwa. Rufa'i ya gama tsara cewa yaron zai yi digiri na biyu a hannunsa, wata rana ya gaji kujerarsa. Yanzu kuwa an shiga mota sai hirar Tibet, wai baƙaƙensu talatin ne.

Ranar wata Laraba aka fito da ajin Vandi ƙarƙashin darbejiya, Rufa'i ya ratsa ta wurin kamar mai neman wani. Gani ya kori ji. Wata ɗaliba na zaune a ƙasa, Nasrullahi na tsaye a kanta yana jefa mata tambaya, kowace tambaya ya doka tafin dama a na hagu, ya buga ƙafa. Vandi yana gefe yana kallo kawai.

"Ba ni suke tafa wa ba, Malam," in ji Vandi yana murmushi. "Haka Tibet suke muhawara a makarantu. Yaro naka akwai kai sosai."

Da ma tafin na yabon Vandi ne, da ya fi sauƙi. Yaron da ko ɗaga ido ba ya yi a ajin Rufa'i, ga shi yana jayayya har jijiyar wuya ta fito. Kishi ya turnuƙe Rufa'i, ya wuce abinsa.

Bayan jarrabawa Nasrullahi ya yi sallama a ofishinsa, ya rusuna, ya miƙo wani dogon farin ƙyalle a kan hannu biyu.

"Malam, kata ake ce masa. Ɗalibi yana ba malaminsa in ya zo da roƙo. Ina so na yi mastas wajen Dakta Vandi, amma ba zan tafi ba sai ka yarda."

Rufa'i ya dubi ƙyallen. Wato har roƙon ma da al'adar wancan za a yi masa shi! Ya miƙe ya fizge shi. Bai iya jefar da shi a ƙasa ba, sai ya rataya wa yaron a wuya, wato ɗauki tsiyarka ka ba ni wuri. Ya juya zai koma kujerarsa.

Idon Nasrullahi ya ciko da ƙwalla. Ya kama hannun malaminsa da hannu biyu.

"Na gode, Malam. Wallahi kwana nake ina tsoron ba za ka yarda ba."

Vandi, wanda ashe yake jira a bakin ƙofa, ya leƙo baki buɗe.

"Kai, Malam, ina ka san wannan? Haka malami nasu yake yi, yana mayar da kata a wuyan ɗalibi ya sa masa albarka. Ni ban zaci za ka sani ba."

Maganar hana shi tafiya tana kan harshen Rufa'i. Kalma ɗaya ta isa, domin yaron nan ba zai tsallake umarninsa ba, zai zauna. Ya dubi fuskarsa, fuskar da ya gani a ƙarƙashin darbejiya, wadda bai taɓa gani a nasa ajin ba.

"Allah ya ba da sa'a," ya ce.

Suka fita suna hira. Da ya tashi aiki Rufa'i ya kunna mota, ya tsaya a inda ya saba ɗaukar Nasrullahi, ya buɗe ƙofar gefe. Sai da wani mai Keke Napep ya matsa masa oda sannan ya miƙa hannu ya rufe ta.