Karaten Baba Direba

"Ɗaga wayar sama, Yaya, ba takalmanka zai kalla ba," in ji Auta, tana ƙara tamke ɗamararta a gefen filin gasa, ana shirin karawar ƙarshe.

Yayanta ya gyara riƙo. A fuskar wayar ga Baba Direba kwance a gadon asibiti, robar iska a hanci, matarsa na riƙe masa tasa wayar.

Maƙwabcinsu ne, katanga ce kawai ta raba su. Da ya ajiye tuƙi sai ya kama koyon karate a bidiyon waya. Yakan jingina ta da tukunyar fure a tsakar gida, Auta na bayansa tana kwaikwayo. Sai dai malamin bidiyon fuskantarsu yake yi, inda ya kai dama su hagu suke kaiwa, komai nasu ya zauna a baibai. Ranar da ta shiga kulob ɗin karate koci ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya gindaya sharaɗi: in ta faɗi a gasar nan, ko ta watsar da karaten tsoho, ko ta bar masa kulob.

"Baba, ƙafata rawa take," ta ce.

"Tawa ma haka, kuma a kwance nake." Ya ja numfashi da ƙyar. "'Yar nan, direban kirki ba ya kallon giyar mota. Hau titi kawai."

Alƙalin wasa ya ba da damar farawa. Kafin Auta ta ƙifta ido abokiyar karawarta, wata doguwa mai zafin nama, ta ci maki.

"Dama! Koma dama!" koci na ta ihu.

Ta gwada, aka ƙara cin ta. Sai ta ƙyale shi. Hayaniyar zauren ta janye kamar an rufe gilashin mota, babu koci, babu maki, sai numfashinta da kafaɗar doguwar. Jikinta ya riga tunaninta. Doguwar ta tsare inda aka koya mata tsarewa, hagun Auta ta shigo ta inda ba ƙofa. Auta ta rama, ta ƙara, sannan ƙafarta ta tashi ta tsaya cak a gefen kunnen yarinyar. Tutocin alƙalai suka ɗagu gaba ɗaya, nasara ta zama tata.

Da gudu ta fizge wayar daga hannun Yaya. Fuskar matar Baba ce ta cika ta.

"Inna, ya gani?"

"Ya gani. Har ya ɗaga hannu ya ce, 'Ta wuce ta a kwana.' Yana dariya ya kama salati." Ta share ido. "Allah ya karɓi abinsa, Auta."

Koci ya matso, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Allah ya jiƙansa. In kin dawo, ke za ki koya wa sauran hagun nan."

Da la'asar, a ɗakin da mata suka cika ana gaisuwa, Inna ta karɓi lambar zinariyar da Auta ta ciwo ta ɗora a cinya, tana goge ta a hankali da bakin mayafinta.