Injin da ke Kiran Imoru

Ana gobe addu'ar arba'in ɗin Imoru aka ɗauke wuta a unguwar Gumbihini da hantsi. Janaretan ƙaramin gidan rediyon da Imoru ya yi wa aiki ya yi tari, ya ƙara tari, ya mutu. Da wutar ta dawo fanka ta tashi, firiji ya tashi, kwamfutar ɗakin watsa shirye-shirye ma ta tashi, amma manhajar da ke tura murya zuwa eriya ta buɗe rabin fuska ta tsaya cak. Duk wanda ya murɗa rediyonsa, daga cikin gari har ƙauyukan bayan Kasalgu, shuuu kawai yake ji.

Manaja Abdul-Ganiyu mutum ne da ya yi imani babu cutar inji da kashewa da kunnawa ba ta warkarwa. Ya kashe, ya kunna, har yatsansa ya gaji. Sannan ya tuna wanda ya saba kira a irin wannan rana yana kwance a maƙabarta. Ya daɗe yana jujjuya waya a hannu, kunya na cinsa, kafin ya kira matar mamacin.

Adizatu tana takaba a gidan surukanta a unguwar Sabonjida. Rubuta manhaja ce sana'arta, kuma ita da Imoru suka haɗa injinan gidan rediyon tun suna sabon aure, shi yana hawan tsani da wayoyi a kafaɗa, ita tana zaune gaban allo tana ce masa ba nan ba ne. Daga baya ta sami wani aikin ta bar masa wurin, ya yi ta ƙare-ƙarensa shi kaɗai.

"Sista Adiza, gafara," in ji Manaja. "Na san ba lokacinshi ba ne. Amma mashin ya ƙi tashi, steshon duka ya yi shiru."

"Sanarwar fa?"

"Shi ne wahalan. Yana ciki, ba ya iya fita."

Sanarwar ta gayyatar addu'ar gobe ce. Kawun Imoru, babban gidansu, tsoho mai ciwon gwiwa, aka ɗauko shi a bayan moto, wato babur, daga ƙauye ya zo ya faɗe ta da bakinsa da yarensu na Dagbanci, aka naɗa, aka mayar da shi. Mutanen ƙauyukan nan ba sa ɗaura zane su kama hanya don wani mai gabatarwa ya karanta sunaye, sai sun ji muryar babban gida da kansa, kuma bayan azahar suke saurare, lokacin da aka dawo gona aka zauna gindin itace. In ba ta fita yau ba, gobe za a dafa shinkafa tukunya-tukunya, a jera bencina a ƙofar gida, tsohuwar Imoru ta wuni tana duban hanya.

Adizatu ta ce ya bar kwamfutar a kunne, ya kuma cire hannunsa daga kanta. Ta jawo tata kwamfutar daga ƙarƙashin gado ta share ƙura.

Mma Awawu, gwaggonta da ke taya ta zaman takaba, tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa a faranti. Ta ɗago ta dube ta.

"Mai takaba da kwamfuta?"

"Fita aka hana ni, Mma. Ga ni zaune."

Tsohuwar ta taɓe baki ta koma kan shinkafarta.

Ta intanet Adizatu ta shiga injin Gumbihini, da tsohuwar kalmar sirrin da Imoru, don ƙiwuya, bai taɓa canzawa ba. Manhajar tana nan da rai, ba ta faɗi ba, ba ta yi ƙorafi ba, ta dai tsaya. Irin wannan tsayuwa ita ce mai ban haushi, domin manhajar da ta mutu takan bar wasiyya, mai rai kuwa sai ta zuba maka ido.

Amma akwai abin da kowace manhaja ba ta iya ɓoyewa. Komai girman kanta, ba ta da ikon taɓa fayil, ko buɗe layin sadarwa, ko fitar da sauti da kanta. Sai ta roƙi kanel, wato cibiyar da ke riƙe da dukan injin, kamar yadda a gidan yawa kowa sai ya je wurin mai makullin sito kafin ya ɗebi ko gishiri. Akwai kuma wata 'yar manhaja mai suna strace da ake ajiyewa a bakin wannan ƙofa, ba ta tambayar kowa dalili, tana dai nuna wa ya zo, me ya roƙa, me aka ce masa. Imoru yakan kira ta 'yar gulma. Adizatu ta fi yarda da ita fiye da yawancin mutane.

Ta kashe manhajar rediyon, ta sake tayar da ita da 'yar gulmar manne a jikinta. Layuka suka fara zuba a allo. Ta roƙi fayil ɗin tsarinta, an ba ta. Ta roƙi wurin ajiya a ƙwaƙwalwa, an ba ta. Ta nemi na'urar sauti, an buɗe mata. Ta ɗauko taken tasha, ta ɗauko kiran salla, ta ɗauko tallan mai maganin basir da Manaja ke ji da shi. Sai gudun ya tsaya. Manhajar ta roƙi a haɗa ta da wani adireshi na cikin gidan rediyon. Ta jira. Kanel ya ce babu kowa a can. Ta ɗan yi barci, ta farka, ta sake kiran adireshin, aka sake ce mata babu kowa. Haka take ta yi tun hantsi, ba gajiya, ba fushi.

Adizatu ta koma sama ta duba abin da manhajar ta karanta kafin ta fara kiran. Layi ɗaya ne a cikin fayil ɗin tsarinta. Sunan injin da ake nema yana ciki, Imoru ya sa masa sunansa, sai sunan fayil ɗin da ake son ɗaukowa: sallama.

Ta kira Gumbihini.

"Manaja, akwai wani ƙaramin baƙin akwati a ƙarƙashin teburin Imoru, mai waya shuɗiya. Yana nan?"

"A'a, famili sun ɗauka. Ranar adu'an bakwai wanshi Alhaji Sumaila ya zo, mun tara kayanshi duka, buta, darduma, silifa, caja, da wannan baƙin abu. Imoru ne ya saya da kanshi, ba na steshon ba ne. Mun ce kada mu ci haƙƙin mamaci."

"To."

"Mun yi laifi ne?"

"Ba ku yi ba."

Ba su yi ɗin ba kuwa. Haka ake yi, mutum ya rasu a tattara abin da ya bari a wurin aiki har tsinken sakace a kai wa magada. Kuma tashar ba ta nuna komai ba a lokacin, domin manhajar ta ɗauko fayil ɗin tun watannin baya, Imoru na da rai, ta riƙe shi a ƙwaƙwalwarta tana ta amfani da shi. Wutar da aka ɗauke yau ce ta sa ta manta, ta koma neman inda ta samo shi.

Adizatu ta juya ta dubi bayan ƙofa. Babbar jakar leda mai zanen ja da fari tana nan inda Alhaji Sumaila, wan Imoru, ya ajiye ta, ɗaure da igiya. Abin da injin Gumbihini ke kira tun hantsi yana cikin ɗakinta, kusa da buhun gawayi.

Ta san fayil ɗin. Muryar Imoru ce, gajeruwa, wadda tashar ke sawa kafin sanarwar rasuwa da ta addu'a: ya yi sallama, ya gai da masu saurare, ya ce ga saƙon 'yan'uwa, Allah ya ba mu haƙuri. Ya naɗe ta ne yana fama da mura, hancinsa a toshe. 'Yan tashar sun ji ta har sun daina jin ta, babu wanda ya tuna muryar wa ce. Adizatu kuwa tun da aka binne shi, kullum bayan azahar sai ta kwanta ta juya wa ƙofa baya, ta kunna rediyon waya ta sa a kunne ƙarƙashin mayafi, ta saurari wannan sallama, ta kashe kafin a fara jero matattun wasu. Ba ta gaya wa kowa ba. Ita ce abin da take jira a kowace rana, sauran wunin cika lokaci ne kawai.

Ta kira Alhaji Sumaila. Yana wurin masu dabbobi, ana jin kukan awaki a bayansa. Ta yi masa bayani a taƙaice: akwati ɗaya za a ciro, mai moto ya kai Gumbihini, bayan addu'a a dawo da shi.

Ya ce, "Adiza, wannan jaka gaban liman na ɗaure shi, da shaidu. Ba a kwance shi sai ranan rabo."

"Aro ne kawai, Alhaji."

"Na ji. Amma kin san gidanmu. In an kwance yau, gobe za a ce na ci amana, ke kuma za a ce kin zaɓi mai kyau tun ba a raba ba. Ƙannenmu mata suna zuwa da yamma, kin san bakinsu. Ke nake karewa, ba kaina ba." Ya ja numfashi. "Ba wani hanya ne? Ke kika san mashin."

"Akwai."

"To ki bi wannan. Akwatin in ya faɗo rabonki, shi ke nan."

Alhaji Sumaila ba mugu ba ne, kuma abin haushin, gaskiya ya faɗa. Adizatu ta ajiye wayar.

Mma Awawu ta tashi ta tafi famfo wanke shinkafa. Ɗakin ya rage Adizatu da jakar. Ta je ta tsuguna, ta shafa ledar har ta ji kusurwar akwatin a ƙarƙashin wata rigar saƙi. Ƙullin igiyar irin na 'yan kasuwar doya ne, ya shiga nan ya fita can, wanda bai iya ba in ya kwance ba zai mayar ba. Ta sa yatsa a ciki ta ɗan ja. Ta tuna a gidan nan za ta ƙarasa takabarta, da waɗannan mutane za ta ci gaba da gaisawa a suna da jana'iza har ƙarshen ranta. A masallacin unguwa ladan ya fara gwada lasifika. Ta zare yatsanta ta koma kan gado.

A allo manhajar tana nan tana kira, ana ce mata babu kowa. Adizatu ta zauna ta kalli layukan na ɗan lokaci, fiye da yadda aikin ke bukata. Tausayin abar ya kama ta, ta kuma ji haushin kanta da take tausayin inji.

Ta buɗe fayil ɗin tsarin, ta je kan layin nan, ta sa alamar da ke ce wa manhaja ta tsallake. Ta ajiye. Ta kashe ta tayar.

Layuka suka zubo, taken tasha, kiran salla, mai maganin basir. Suka zo inda suke tsayawa suka wuce ba ko waiwaye. Manhajar ta buɗe fayil ɗin kawu ta sa shi a layi, ta fara tura sauti zuwa eriya, roƙo bayan roƙo, kanel na amsawa. Adizatu ta bi layukan da ido ko za ta ga adireshin ya sake fitowa. Bai fito ba.

Manaja ya kira, muryarsa ta dawo daidai. "Ya tashi, Sista. Allah ya saka. Me ya same shi?"

"Wani abu yake nema da ba ya nan. Na ce ya daina."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta cire 'yar gulmar, ta rufe kwamfutar, ta yi alwala ta yi salla.

Bayan azahar matan gida suka kunna babbar rediyo a tsakar gida, inda ake feraye albasar gobe. Adizatu ba ta kwanta ba, ta zauna bakin gado. Taken sanarwa ya ƙare, sai kawu ya faɗo kai tsaye da kakkausar muryarsa, ya ambaci Imoru da sunan ubansa da na kakansa, ya kira ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, ya ce gobe da safe a Sabonjida. Tsohuwar Imoru ta fito daga ɗakinta ta tsaya riƙe da ƙyaure har ya gama. Kafin a kai ga sanarwa ta gaba wayoyi sun fara ƙara a tsakar gidan, wata na cewa a ƙaro bencina daga makarantar allo, mutanen wajen kawu mota guda za su yi.

Mma Awawu ta shigo tana goge hannu da gefen zane.

"Ya fita da kyau," in ji ta. "Amma 'yan rediyon nan ba su da tarbiyya. Yau ko sallama ba su yi ba, kawai suka saki tsoho."

"E, Mma."

"Gobe in Manaja ya zo ki gaya mishi."

"Ba laifinsa ba ne," in ji Adizatu. "Ni na cire."